RABON KUƊIN HANYOYIN BIRNI: DA ME YA KAMATA A FARA?

GABATARWA

A ƙarshen kowace shekara gwamnan jiha yakan gabatar wa majalisar dokoki kasafin kuɗin shekara mai zuwa, haka kuma shugaban ƙaramar hukuma yakan gabatar wa kansiloli nasa. A cikin waɗannan takardu, kason da akan ware wa hanyoyi da sufuri yakan kasance cikin mafiya tsoka. Jama'a sukan ji adadin biliyoyin naira a rediyo, su yi fatan alheri, su ci gaba da harkokinsu. Kaɗan ne ke tsayawa su tambaya: a cikin wannan kuɗi, nawa aka tanadar wa mai tafiya a ƙasa, nawa aka tanadar wa mai keke, nawa kuma aka tanadar wa mai jiran bas?

An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa 'yan ƙasa muhimmancin wannan tambaya. Kuɗin hukuma ba ya isar kowane aiki a lokaci guda, saboda haka dole a fara da wani aiki, a jinkirta wani. Abin da binciken masana da tarihin birane da dama suka nuna shi ne, birnin da ya fara da bukatun masu tafiya a ƙasa, da masu keke, da masu hawa motar haya, yakan kashe kuɗi kaɗan ya amfani mutane da yawa, ya kuma ceci rayuka.

SU WANE NE KE BIN HANYA?

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titi a Kano, ko Ibadan, ko Anaca, ko Maiduguri, da misalin ƙarfe bakwai na safe, abu ɗaya zai gani. Ga 'yan makaranta rukuni-rukuni, ga mata ɗauke da kaya za su kasuwa, ga 'yan ga-ruwa suna tura kura, ga makaho da ɗan jagoransa, ga gurgu a kan kekensa. Dukansu suna rakuɓe ne a ɗan tsakanin kwalta da lambatu, motoci suna wuce su da gudu. Wanda zai hau bas ko a-daidaita-sahu ma sai ya taka daga gida zuwa tasha, ya sake takawa daga inda aka sauke shi zuwa wurin aikinsa. Shi kansa mai mota, da zarar ya fito ya kulle ƙofa, ya shiga sahun masu tafiya a ƙasa.

A shekarar 2022 wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau mai kula da muhalli da mai kula da matsugunan jama'a, sun fitar da rahoto a kan nahiyar Afirka. Rahoton ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 78 cikin 100 na mutanen nahiyar suna tafiya a ƙasa kullum domin zuwa wuraren bukatunsu, kuma a kowace rana masu tafiya a ƙasa 261 da masu keke 18 ne ke rasa rayukansu a kan hanyoyinta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta cewa mutum 1,190,000 ne suka mutu a haɗarin hanya a duniya a shekarar 2021. In aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asarar rayuka, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Har wa yau, haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

YADDA AKA ZO NAN

Dattawa za su iya tuna lokacin da keke yake abin hawan malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa, lokacin da mallakar sabon Raleigh abin taya murna ne, kuma kowane mai keke yakan je ofishin En'e ya yanki lamba. Al'amura sun sake a shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya shigo. Ƙarin albashin Udoji, wanda aka fara biya a 1975, ya ba ma'aikata da yawa damar sayen babur ko mota. A wannan shekara kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Ikko. Tun daga nan aka riƙa zana titunan birni da mota a zuciya, keke kuwa ya koma abin da ake ganin na marar hali ne.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. A shekarar 1977 cunkoso ya yi wa birnin Ikko yawa, har hukuma ta kafa dokar da ta raba wa motoci ranakun shiga tsakiyar gari bisa ga lambarsu, cika ko mara. Masu hali sai suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, cunkoso ya dawo. A 1985 aka soke aikin jirgin ƙasa na cikin birnin. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin samar da manyan motocin jigilar jama'a a birane, ta kuma kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Amma da yake bas-bas na hukuma ba su wadata ba, sai 'yan acaba da masu ƙananan motocin haya suka cike giɓin.

A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Cif Ojo Maduekwe, ya yi kira ga jama'a su koma hawa keke, shi da kansa kuma ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja. Wata rana bas ta buge shi ya faɗa cikin kwata. Allah ya sa ya tsira, amma abin da ya faru ya nuna cewa kira kaɗai ba ya sa mutane su hau keke muddin ba a gina musu inda za su bi lafiya ba.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya tashi, magidanta da yawa suka jingine motocinsu, ma'aikata da ɗalibai suka koma tafiya a ƙasa. Wannan ya ƙara wa maganar rabon kuɗin hanya nauyi.

WACE HUKUMA KE RIƘE DA WACE HANYA?

Hanyoyin ƙasar nan, waɗanda tsawonsu ya kai kimanin kilomita 200,000, sun kasu gida uku. Akwai na Gwamnatin Tarayya, masu haɗa jiha da jiha. Akwai na jihohi, waɗanda suka haɗa da galibin manyan titunan birane. Sa'an nan akwai na ƙananan hukumomi 774, waɗanda su ne wajen kashi biyu cikin uku na dukan hanyoyin.

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai ginawa da gyaran tituna da fitilun kan titi da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa. Akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su. Akwai kuma ba da lasisin keke da kwale-kwale da baro da amalanke. Ke nan yawancin abubuwan da mai tafiya a ƙasa ke bukata a unguwarsu suna cikin ayyukan da doka ta ɗora wa hukumar da ta fi kusa da shi.

Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin 100, jihohi suna da kashi 26.72, Gwamnatin Tarayya kuma kashi 52.68. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka ɗan ƙasa yana da hujjar tambayar shugaban ƙaramar hukumarsu abin da aka yi da kuɗin titi, kamar yadda yake da hujjar tambayar gwamnatin jiha.

LISSAFIN FILI DA LISSAFIN KUƊI

Fili a tsakiyar birni ba ya ƙaruwa. Masana sufuri sun ƙiyasta yawan mutanen da layi ɗaya na titi, mai faɗin mita uku da rabi, zai iya wucewa da su cikin sa'a guda. In ƙananan motoci ne ke bin sa, kimanin mutum 2,000 ne za su wuce. In bas-bas ne, kimanin 9,000. In masu keke ne, kimanin 14,000. In kuwa masu tafiya a ƙasa ne, kimanin 19,000. Watau abin hawan da ya fi cin fili shi ne wanda ya fi ɗaukar mutane kaɗan.

Mai karatu zai iya cewa: to, me zai hana a faɗaɗa titin, ko a gina gadar sama? Amsar ita ce, sabon titi yakan jawo sababbin motoci. Da zarar hanya ta buɗe, wanda a da yake hawa bas sai ya fito da motarsa, wanda yake jira sai rana ta yi sanyi sai ya fito da sassafe, cikin 'yan shekaru hanyar ta sake cika. An ga haka a birnin Houston na ƙasar Amurka, inda aka kashe kimanin dala biliyan 2.8 wajen faɗaɗa wata babbar hanya, har ta kai layi 26 a wasu wurare. An gama aikin a 2008, amma kafin 2014 lokacin da masu mota ke ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake ƙaruwa ƙwarai.

Wannan ba ya nufin gadar sama ba ta da amfani. Inda titi ya gitta hanyar jirgin ƙasa, ko inda manyan motocin dakon kaya ke ratsa gari, gada tana da ranarta. Sai dai kuɗin gada guda zai iya shimfiɗa hanyar masu tafiya a ƙasa a unguwanni da yawa, ya rufe lambatu, ya kafa fitilu. Wajibi ne hukuma ta auna ayyukan biyu da ma'auni guda: mutum nawa kowanne zai amfana, kuma rai nawa zai ceta.

DARASI DAGA BIRNIN BOGOTA

Bogota shi ne babban birnin ƙasar Kolombiya, a Amurka ta Kudu, kuma mazaunansa sun kai kimanin miliyan 8. An zaɓo shi a nan ne domin ba birnin masu arziki ba ne. A shekarun 1990 matsalolinsa sun yi kama da na manyan biranen Nijeriya: dubban tsofaffin bas-bas na 'yan kasuwa suna rige-rigen fasinja, motoci a ajiye a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, yawancin gidaje kuma ba su da mota.

Sa'ad da Enrique Peñalosa ya zama magajin gari a 1998, ya tarar da shawarar da ƙwararru daga Japan suka bayar ta a gina manyan titunan sama a cikin birnin. Ya ajiye ta gefe, ya karkata kuɗin zuwa ayyuka uku. Na farko, aka faɗaɗa hanyoyin masu tafiya a ƙasa, aka kakkafa turaku a bakinsu don kada mota ta hau. Na biyu, aka gina hanyoyin keke masu tsawon kusan kilomita 300, waɗanda suka ratsa har unguwannin talakawa. Na uku, aka keɓe layukan tsakiyar manyan tituna ga dogayen bas-bas, aka gina musu tashoshi inda fasinja ke biya kafin ya shiga. Wannan tsari, mai suna TransMilenio, ya fara aiki a watan Disamba na 2000.

Daga ina kuɗin ya fito? Birnin yana da ikon ɗora ɗan ƙarin haraji a kan man fetur ɗin da ake sayarwa a cikinsa. Aka ƙara wannan haraji, aka keɓe rabinsa ga aikin bas, gwamnatin ƙasa kuma ta ba da nata kaso. Ta haka mai ƙona mai ya taimaka wajen gina hanyar wanda ba shi da mota.

Aikin bai tafi salin-alin ba. Masu kantuna, waɗanda abokan cinikinsu suka saba ajiye mota a ƙofar shago, sun yi ƙorafi ƙwarai, har aka yi yunƙurin tsige magajin garin. Amma a watan Oktoba na 2000 jama'ar birnin suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da a riƙa keɓe rana ɗaya kowace shekara wadda motocin gida ba za su fito ba. Dama tun 1974 birnin ya fara al'adar rufe wasu tituna domin masu keke da masu tattaki, al'adar da ta bunƙasa har ta kai fiye da kilomita 100 kowace Lahadi.

Waɗanda suka mutu a haɗarin hanya a birnin sun ragu daga 1,387 a 1995 zuwa 697 a 2002. Wani ɓangare na wannan nasara ya samu ne daga aikin wayar da kan direbobi da magajin garin da ya gabace shi, Antanas Mockus, ya yi. Shi kuma da ya dawo mulki a 2001 bai watsar da ayyukan da ya tarar ba, ya ci gaba da su.

Akwai kuma abin lura. Bas-bas ɗin sun kai ga ɗaukar fiye da mutum miliyan 2 a rana, amma ba a faɗaɗa tsarin daidai da ƙaruwar jama'a ba, har cunkoson cikin bas da na tashoshi ya zama abin kuka. Daga baya birnin ya shiga gina jirgin ƙasa. Darasin shi ne, aikin da aka gina yana bukatar kasonsa na kuɗi kowace shekara, in ba haka ba nasararsa ita za ta zame masa nauyi.

ABIN DA AKA GWADA A AFIRKA

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a ga misali. A shekarar 2002 Jihar Legas ta yi dokar kafa hukumar tsara sufurin birni, wadda aka sani da LAMATA, da taimakon rancen Bankin Duniya. A watan Maris na 2008 hukumar ta buɗe keɓaɓɓen layin bas mai tsawon kilomita 22, daga Mile 12 zuwa CMS. An gama shi cikin ƙasa da shekara biyu, a kan kimanin dala miliyan 1.7 kowace kilomita. Ba a kori direbobin haya ba. Ƙungiyarsu ce ta kafa haɗin gwiwa, ta karɓi rancen banki, ta sayi bas-bas na farko. Ba da jimawa ba layin ya riƙa ɗaukar kimanin mutum 200,000 a rana, kuɗin mota da lokacin tafiya kuma duka suka ragu. A 2015 aka tsawaita shi zuwa Ikorodu.

In aka gwada da jirgin ƙasa na birnin, za a ga bambanci. Kashin farko na layin Marina zuwa Mile 2, mai tsawon kilomita 13, ya ɗauki fiye da shekara goma kafin ya fara jigilar fasinja a watan Satumba na 2023. Birni irin Ikko yana bukatar jirgin, amma ba kowane birni ke da kuɗinsa ba, kuma jama'a ba za su zauna gida suna jiran sa ba.

A Nairobi, babban birnin Kenya, hukumar birnin ta amince a 2015 da wata manufa wadda ta tanadi a riƙa ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗin hanyoyi domin bukatun waɗanda ba su da mota, musamman masu tafiya a ƙasa da masu keke. A 2016 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira ga ƙasashe su ware irin wannan kaso. Amfanin ƙayyade kaso shi ne yana ba jama'a ma'aunin da za su riƙe hukuma da shi. Amma rubuta kaso a takarda daban, sakin kuɗin daban, shi ya sa bin diddigi ya zama dole.

JERIN AYYUKA BISA GA FIFIKO

In aka tattara waɗannan darussa, ga yadda ya kamata hukumar birni ta jera ayyukanta.

1. Gyaran abin da ke akwai. A rufe lambatu da murafai, a cike ramuka, a kwashe yashin da ya cinye gefen titi, a gyara fitilun da suka mutu. Lambatun da aka rufe da kyau shi kansa yakan zama hanyar masu tafiya a ƙasa.

2. Hanyar masu tafiya a ƙasa. Ta kasance mai faɗin kimanin mita 2, ta ɗara kwalta tudu, ba ta yankewa, kuma a yi mata gangara a kowace mahaɗa domin keken guragu da baro. A fara da kewayen makarantu, asibitoci, kasuwanni, tashoshin mota da wuraren ibada.

3. Wuraren tsallaka titi da rage gudu. Mutumin da mota ta buge tana gudun kilomita 30 a sa'a galibi yakan rayu. In gudun ya kai 60, sau da yawa sai dai gawa. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a watan Fabrairu na 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 inda mutane da motoci ke cuɗanya. Allon gargaɗi kaɗai ba ya tsai da direba. Sai an haɗa da tudun rage gudu, da tsibiri a tsakiyar titi inda mai tsallakawa zai tsaya. Gadar masu tafiya a ƙasa ta dace da babbar hanya mai gudu, amma a cikin gari tana da tsada, tsofaffi da masu ciki da masu kaya kuma ba sa iya hawanta.

4. Inuwa. A ƙasa mai zafi itace yana cikin kayan aikin titi. A dasa darbejiya da makamantanta, a kuma sa kuɗin ban ruwa da kariya na shekarun farko a cikin kwangilar.

5. Hanyar keke. A raba ta da ta mota da dakali, domin fenti ba ya kare kowa. Ta haɗa unguwa da makaranta da kasuwa da ma'aikata, a kuma tanadi wurin ajiye keke mai tsaro.

6. Motocin jigilar jama'a. A keɓe wa bas layinta a titunan da suka fi cunkoso, a gina tashoshi masu rumfa, a jawo ƙungiyoyin direbobi cikin shirin tun daga farko.

7. Sababbin tituna da gadoji. In an zo kansu, kada a amince da zanen da ba shi da hanyar ƙafa da wurin tsallakawa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Abin da aka sa tun farko ya fi araha bisa wanda za a fasa kwalta a ƙara daga baya.

INA ZA A SAMO KUƊIN?

Mafi yawan abin da ake bukata ba sabon kuɗi ba ne, sake rabon wanda ake da shi ne. Duk da haka akwai ƙofofin da hukumar birni za ta iya dubawa. Akwai kuɗin ajiye mota a bakin titi a tsakiyar gari, domin filin da mota ke kwana a kai na jama'a ne. Akwai harajin gidaje da filaye, waɗanda darajarsu kan tashi in an gyara titin ƙofarsu. Akwai kuɗin shiga na kasuwanni da tashoshin mota, wanda ya dace wani kaso nasa ya koma ga gyaran kewayensu. A Landan, a watan Fabrairu na 2003 aka fara karɓar kuɗi, fam 5 a lokacin, daga mai motar da ya shiga tsakiyar birni, doka kuma ta wajabta a kashe ribar a kan sufuri, mafi yawanta a kan bas.

Sharaɗin duk wannan shi ne gaskiya da bayyana lissafi. Jama'a sukan haƙura da biya in suna ganin aikin a ƙofar gidansu. Saboda haka ya kamata kuɗin masu tafiya a ƙasa da masu keke ya sami layinsa na kansa a cikin kasafi, kada a cusa shi ƙarƙashin "hanyoyi da gadoji" inda ba mai iya gano shi.

WASU ƘORAFE-ƘORAFE

Wasu sukan ce keke abin hawan talaka ne. A ƙasar Holan, wadda tana cikin mafiya arziki a Turai, kekuna sun fi mutane yawa, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen yau da kullum a kan keke ake yin su. Mark Rutte, wanda ya riƙe muƙamin Firayim Minista daga 2010 zuwa 2024, an sha ganin sa yana zuwa ofis a kan kekensa.

Wasu sukan ce 'yan tebur za su mamaye duk hanyar da aka gina. Wannan gaskiya ne in ba a yi musu tanadi ba. Mai shayi da mai sayar da lemo suna bin inda jama'a suke ne, kuma zamansu yana ƙara wa titi tsaro da dare. Maganin abin shi ne a shata musu wuri a cikin zanen, a bar wa masu wucewa nasu.

Wasu kuma sukan ce irin waɗannan ƙananan ayyuka ba sa fitowa a hoto kamar gada. Amma uwar da ɗanta ke zuwa makaranta ya dawo lafiya ta san aikin da aka yi mata.

AIKIN ƊAN ƘASA

Ana kira ga kowane ɗan ƙasa ya halarci zaman jin ra'ayin jama'a a kan kasafin kuɗi, ko shi da kansa ko ta hannun ƙungiyar unguwa, ta iyayen yara da malamai, ta 'yan kasuwa, ko ta naƙasassu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba shi damar neman takardun hukuma a rubuce. Ga tambayoyi huɗu da zai iya yi wa kansila ko ɗan majalisarsa:

Kashi nawa na kuɗin hanya aka ware wa masu tafiya a ƙasa, da masu keke, da motocin jigilar jama'a?

Cikin abin da aka ware bara, nawa aka saki, kuma a ina aka yi aikin?

Zanen sabon titin da za a gina yana da hanyar ƙafa da wurin tsallakawa?

Nawa aka tanada domin gyara bayan an gama?

Yin irin waɗannan tambayoyi ba rashin ladabi ba ne ga shugabanni, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sa'an nan shi ma ɗan ƙasa akwai nasa nauyin. Kada ya ajiye mota ko ya jibge yashi da bulo a kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Kada ya zuba shara a lambatu. In ya ga ana sace murafan kwata ko wayoyin fitilun titi, ya sanar da mai unguwa ko 'yan sanda. Direba kuma ya rage gudu a kusa da makaranta da kasuwa, ya tsaya wa mai tsallakawa.

KAMMALAWA

Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijeriya take cikinta, ta sa burin rage mace-mace da raunukan haɗarin hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030. Cim ma wannan buri ya dogara ƙwarai ga abin da jihohi da ƙananan hukumomi za su rubuta a kasafinsu shekara bayan shekara, da kuma yadda jama'a za su bi sawun abin da aka rubuta. In lokacin kasafi ya zo, a nemi takardar, a karanta, a tambaya. Allah ya kiyaye hanya.